Rebus: Kacici-kacicin da Ake Gani da Ido, a Warware da Kunne

A wani littafin Turanci na 'yan firamare da ɗan ƙanwata ya kawo mini ranar wata Asabar, akwai shafin da babu jimla ko ɗaya a cikinsa, sai hotuna huɗu a jere: ido, gwangwani, teku da tunkiya. A saman shafin an rubuta kalmar "rebus" da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma an bar layi domin amsa. Yaron ya riga ya cike layin da fensir, ya rubuta "eye, tin, water, sheep", malamarsu kuma ta soke amsar da jan biro. "Kawu, ai abin da na gani shi na rubuta," in ji shi, kuma da gaskiyarsa, domin babu ɗaya daga cikin sunayen nan huɗu da za a ce ƙarya ne. Sai dai wanda ya shirya shafin yana jiran a kira gwangwanin "can", a kira ruwan "sea", a kira tunkiyar "ewe", sa'annan a furta su a jere da ƙarfi, kunne ya ji "I can see you", wato ina iya ganinka. Ido da gwangwani da teku da tunkiya duk aron bakinsu aka yi. Da zarar sun ba da sautin sunayensu aikinsu ya ƙare, babu ruwan jimlar da kiwo ko da kamun kifi.

Wannan shi ne ainihin abin da Turawa ke nufi da kalmar "rebus": saƙo ne da aka rubuta da hotuna, ko da hotuna haɗe da baƙaƙe da lambobi, inda hoton ke wakiltar sautin sunan abin da aka zana maimakon abin da kansa. Ana furta kalmar kamar "riibas", a ja gaɓar farko. Suna ne da ake ƙirgawa, jam'insa "rebuses", kuma galibi za a ji an haɗa shi da aikatau na warwarewa, a ce "solve a rebus", ko a ƙara masa bayani a ce "rebus puzzle".

Ya kamata a raba shi da wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa shi da su. Na farko shi ne kacici-kacicinmu na gida. Idan aka ce "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", mai sauraro zai shiga neman abin da ya yi kama da wannan siffa har ya faɗa kan tsintsiya, kuma da za a fassara tambayar zuwa Larabci ko Fulatanci, wanda ya san tsintsiya zai iya cankar amsar, domin kamannin yana jikin abin ne. Rebus kuwa ba ya jure fassara ko kaɗan. Hotunan nan huɗu na littafin yaron, idan Bahaushe ya kira su da Hausa, abin da zai samu shi ne "ido gwangwani teku tunkiya", zancen da ba kai ba gindi. Na biyu shi ne wasan nan na hoton da aka yayyanka gunduwa-gunduwa ana harhaɗawa, wanda shi ma wasu ke kira wasan hoto. Sunansa a Turanci "jigsaw", daga sunan wani siririn zarto da ake yanka katako a karkace da shi, kuma ana danganta farkonsa da John Spilsbury, wani mai zanen taswira a Landan, wanda a wajajen 1760 ya riƙa manna taswira a jikin katako yana yanka ta bisa iyakokin ƙasashe domin koya wa yara labarin ƙasa. Shi wannan aikin ido da hannu ne, kurma ma zai harhaɗa shi tsaf, kuma ba a kiransa rebus.

Kalmar asalinta daga Latin take. A wannan harshe "res" na nufin abu ko al'amari, ita ce kuma tushen kalmomin Turanci irin su "real" da "republic". Latin harshe ne da ke sauya ƙarshen suna gwargwadon aikin da yake yi a jimla, saboda haka idan ana son a ce "da abubuwa" ko "ta hanyar abubuwa", sai "res" ta koma "rebus". Ke nan kalmar tun a gidansu jam'i ce, Turawa suka ɗauke ta a matsayin tilo, suka sake yi mata wani jam'in nasu. Irin wannan ƙarshe na "bus" shi ne a jikin "omnibus", mai ma'anar "domin kowa", sunan da aka ba keken dokin haya a Faransa a ƙarni na 19, aka gutsure shi ya zama "bus", mu kuma muka are shi muka ce bas. Motar da ke ɗaukar fasinja a tasha da wasan hoton da ke littafin yara, ashe wutsiya ɗaya suka gada.

Bayani biyu ake kawowa kan yadda kalmar nahawu ta zama sunan wasa. Wanda ya fi yaɗuwa yana jingina ta da furucin Latin "non verbis sed rebus", wato ba da kalmomi ba, da abubuwa. Ɗayan ya fito ne daga Gilles Ménage, masanin asalin kalmomi na Faransa a ƙarni na 17, wanda ya ce a yankin Picardie da ke arewacin ƙasar, matasan akawuna sukan shirya rubuce-rubucen zambo a lokacin bikin shekara, suna kiransu "de rebus quae geruntur", ma'ana game da abubuwan da ke faruwa. Ko wanne aka ɗauka, sunan Picardie ya manne wa wasan a Faransa, har ana cewa "rébus de Picardie". Daga Faransanci ne kalmar ta tsallaka Ingila, kuma masanin tarihi William Camden ya yi amfani da ita a littafinsa na 1605, inda ya ware babi guda kan yadda mutane ke zana sunayensu da hotuna.

Abin da Camden yake magana a kai yana nan har yau a jikin gine-ginen Ingila, kuma a ganina nan ne aka fi gane cewa rebus ya girmi littafin firamare nesa ba kusa ba. A zamanin da yawancin jama'a ba su iya karatu ba, mai mulki ko malamin coci da ya gina wani abu yana son a san shi ya gina, sai ya sa a sassaƙa sunansa ta hanyar da ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba zai iya furtawa. John Islip, wanda ya shugabanci gidan ibada na Westminster daga 1500 har rasuwarsa a 1532, ya sa an sassaƙa ido kusa da ɗan reshen itace, domin ido "eye" ne, reshen da aka ɓalle kuma "slip" ne a Turancin lokacin. A wani wurin kuma an sassaƙa mutum yana zamewa daga bishiya, kamar yana cewa "I slip", na zame. A cocin St Bartholomew the Great da ke Landan, akwai tagar da William Bolton ya gina a farkon ƙarni na 16, a ƙarƙashinta an sassaƙa gajeriyar kibiya ta huda gangar katako: kibiyar "bolt", gangar "tun". Sunayen Ingilishi masu ƙarewa da "ton" suna da yawa, don haka gangar nan ta sha aiki. Haka abin yake a tambarin gidaje da na ƙasashe. Tambarin gidan su Shakespeare yana ɗauke da mashi saboda "spear" da ke ƙarshen sunan, gidan Bowes-Lyon, dangin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, suna da bakuna da zakuna, tsohuwar masarautar León a Sifen kuma tana da zaki, alhali sunan garin ya samo asali ne daga kalmar Latin ta rundunar soja, kamannin sauti kawai ya jawo zakin.

Amma inda kalmar ta fi nauyi shi ne a bakin masana tarihin rubutu, waɗanda ke da abin da suke kira "rebus principle", wato ƙa'idar aron sauti. Duk al'ummar da ta fara rubutu da zane tana cin karo da katanga ɗaya. Zana sa ko tulu ko damin hatsi abu ne mai sauƙi, to amma yaya za a zana rai, ko bashi, ko jiya, ko sunan mutumin da ya kawo harajin? Mutanen Sumer, a kudancin Iraƙi ta yau, sun fara rubutu a kan laka fiye da shekara 5000 da suka wuce, kuma farkon abin da suka rubuta lissafin kaya ne na dabbobi da hatsi. A harshensu kalmar kibiya "ti" ce, kalmar rai ma sautinta kusan ɗaya ne da ita. Sai marubuci ya zana kibiya yana nufin rai. Haka suka yi da "gi", sunan karan fadama, suka ara wa aikatau mai ma'anar mayarwa. Daga ranar da aka yarda cewa alama tana iya tsayawa a madadin sauti, ƙofa ta buɗe: ana iya rubuta sunan baƙo, a rubuta ƙananan kalmomin nahawu, a rubuta duk abin da baki ya iya faɗa. Wanda ya fara zana kibiya yana nufin rai ya yi daidai abin da mai littafin firamaren nan ya yi da tunkiya, illa dai shi buƙata ce ta sa shi.

A Masar ma haka. Akwai wani allon dutse da aka tono a tsohon garin Nekhen a 1898, yana gidan tarihi na Alƙahira, an sassaƙa shi kimanin shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A samansa an rubuta sunan sarkin da hotuna biyu, tarwaɗa da abin sassaƙa. Sunan tarwaɗa a harshensu ya ba da gaɓar "nar", abin sassaƙar ya ba da "mer", shi ya sa ake kiran sarkin Narmer. Fiye da shekara 1800 bayan haka, an yi wa Ramsis na Biyu, wanda ya hau mulki a 1279 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mutum-mutumi da aka samu a tsohon garin Tanis. An nuna shi yana ƙaramin yaro a tsugune, yatsa a baki, faifan rana a kansa, yana riƙe da wata ciyawar fadama, wani ƙaton shaho kuma yana tsaye a bayansa. Rana "ra" ce, yaro "mes", ciyawar "su". Gaba ɗayan dutsen sunan sarkin ne, Ramessu, aka sassaƙa shi yadda za a iya zagaya shi a taɓa.

Rashin gane wannan dabara ya ɓatar da malaman Turai ɗaruruwan shekaru. Sun ɗauka cewa rubutun Fir'aunoni hikima ce a cikin hoto, cewa tsuntsu na nufin wani sirri, maciji na nufin wani, har Athanasius Kircher a ƙarni na 17 ya cika manyan littattafai da fassarorin da daga baya aka gane babu abin kamawa a cikinsu. Kuskurensa irin na ɗan ƙanwata ne, ya kalli hoton ya tsaya a kan abin da ya gani. Jean-François Champollion ya warware matsalar a 1822, kuma babban makaminsa shi ne ya san harshen Ƙibɗawa, wanda shi ne jikan tsohon harshen Masar. Da ya ga da'irar rana a farkon sunan wani sarki, sai ya tuna cewa Ƙibɗawa na kiran rana "re", ya riga kuma ya san alamun ƙarshen suna ba da sautin "s", daga nan ya hango sunan Ramsis. Sai da ya kira hoton da sunan da masu shi ke kiransa kafin dutsen ya yi magana.

Sinawa sun bi wannan hanya su ma, alamar da suke rubuta "lai", wato zo, asalinta zanen alkama ne da aka ara saboda sauti. Dabarar tana nan da ranta a adonsu: jemage alamar sa'a ne a wurinsu domin sunansa "fu" ya yi daidai da kalmar albarka, kifi kuma alamar yalwa ne domin "yu" na ɗaukar ma'anonin biyu. A kusa da mu, Yarabawa suna da tsohuwar hanyar aika saƙo da abubuwa da suke kira "aroko", inda ƙwayar kuɗin wuri shida da aka aika wa mutum ke nufin zuciya ta karkata gare shi, domin shida a harshensu "efa" ce, "fa" kuma jawowa.

A Turancin yau kalmar ta faɗaɗa fiye da wannan ma'ana ta asali, kuma mai karatu zai gamu da ita a wurare da dama da ya kamata ya iya bambancewa. Akwai nau'in da ba ya buƙatar hoto sam, wurin da aka ajiye kalma shi ne sirrin. Idan aka rubuta STAND a sama, aka ja layi, aka sa I a ƙasa, mai warwarewa zai faɗi abin da ya gani, "I under stand", sai ya ji ya ce "I understand", na fahimta. Shirin talabijin na Catchphrase, wanda aka fara a Birtaniya a 1986, da na Concentration da ya fara a Amurka a 1958, sun sa wasan ya shiga gidajen jama'a. Akwai kuma labaran yara da ake cire wasu kalmomi a sa hoton abin a gurbinsu, hoton gida a maimakon kalmar gida. Masu buga littattafai suna kiran waɗannan "rebus stories", kuma salon ya daɗe, domin tun a ƙarshen ƙarni na 18 ana buga wa yara ayoyin Baibul ta wannan hanya a Ingila da Amurka. A tsantsar ma'ana babu aron sauti a nan, hoton gida gida yake nufi, amma amfani ya riga ya karɓi sunan. Hukuncin da ya hau kan tambarin nan na jihar New York da Milton Glaser ya zana, wanda aka fara amfani da shi a 1977, mai harafin I da jar zuciya da NY, shi ke nan: zuciyar ma'anar so take ɗauke da ita, ba a furta sunanta. A gefe guda kuma hoton da Paul Rand ya zana wa kamfanin IBM a 1981, ido da ƙudan zuma da harafin M, rebus ne cikakke, domin "eye" da "bee" sautin haruffan biyu na farko ne.

Wannan bambanci shi ne ma'aunin da za a auna ƙananan hotunan da muke tura wa juna a waya. Fuska mai dariya ko hannu biyu a haɗe suna nuna yanayi ne, kowa zai gane su ko da wane harshe yake ji, saboda haka ba su cika sharaɗin ba. Gajerun rubuce-rubucen da suka yaɗu lokacin da saƙon tes ba ya wuce harafi 160, irin su "b4" da "gr8" da "10q", da "9ja" da 'yan Nijeriya ke rubutawa, su ne suka cika shi, domin lambar sautinta aka ara. Mutanen Tailan suna rubuta 555 idan abu ya ba su dariya, saboda biyar a harshensu "ha" ce.

Sauran wuraren da kalmar ke fitowa ba su da yawa. Masu wasan cike gurbin kalmomi a jaridun Amurka suna kiran akwatin da aka cusa wa haruffa fiye da ɗaya rebus. Masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud, a littafinsa kan mafarki mai ɗauke da shekarar 1900, ya kwatanta mafarki da rebus, yana nufin wanda ya tsaya kan hotunan kamar yadda suka zo zai ga shirme, sai an mayar da kowane hoto zuwa kalma. Ɗalibin shari'a kuma zai haɗu da "rebus sic stantibus" a dokar ƙasa da ƙasa, ƙa'idar da ke cewa yarjejeniya tana iya sauka idan yanayin da aka ƙulla ta a kansa ya sauya daga tushe, wadda aka tsara a sashe na 62 na Yarjejeniyar Vienna ta 1969. A nan kalmar tana kan ma'anarta ta Latin, al'amura, babu abin da ya haɗa ta da wasa.

To, da wane suna za mu kira shi da Hausa? Ni na fi karkata ga "kacici-kacicin hoto", domin duk wanda ya ji zai san ana neman amsa kuma akwai zane, ko da yake sunan bai fito da batun sauti ba, sai an ƙara bayani. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaranmu ke fara haɗuwa da wasan a harshen da ba su ƙware a kansa ba. Kalmar "ewe" ba ta cikin Turancin da ake yi a kasuwa ko a aji a nan, gwangwani kuma "tin" muka saba ji, saboda haka yaro mai kaifin basira zai faɗi wannan tambaya, ya ɗauka kansa ne bai ja ba, alhali ƙamus ɗin wani aka auna shi da shi. Ga shi kuwa Hausa cike take da kayan aikin. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka muna da tarin kalmomi masu fuska ɗaya a takarda: gadon kwanciya da gadon da ake rabawa bayan rasuwa, wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar sha'ani, kukar miya da kukan jariri, garin tuwo da garin da ake zama, farar da ke cin amfanin gona da fara aiki. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan tagwaye, ɗaya abu ne da ake iya zanawa, ɗayan kuma yakan yi wuyar zane, wato daidai halin da Basumere ya samu kansa tsakanin kibiya da rai. Lambobi ma suna bayarwa: wanda ya rubuta "mu 9 kuɗi" ya ce mu tara kuɗi, wanda ya rubuta "ana 100" a watan Janairu ya ce ana ɗari. Nau'in wurin ajiye kalma ma yana yiwuwa. A rubuta MA a sama, TA a ƙasa, a tambayi yara me suka gani, wani zai ce "ma kan ta", kafin ya rufe baki ya ji ya ce makanta.

Akwai iyakar da ya kamata mai shiryawa ya kiyaye, kuma a nan ne nake ganin amfanin wasan ga malamin Hausa. Kunnen Bahaushe yana yafe bambancin karin sauti da na tsawon wasali idan ana wasa, kamar yadda yake yafewa a waƙa da salon magana, amma ba ya yafe lanƙwasa. Hoton kifi zai iya zama "ki fi", hoton zuma ya biyo baya, amma idan aka kawo zaki domin a cike "ki fi zuma zaƙi", wasan ya karye, domin k da ƙ baƙaƙe biyu ne daban, kamar yadda baki da baƙi, ko taba da taɓa, ba sa zama a madadin juna. Yaron da aka bari ya yi gardama da abokinsa kan ko zaki ya halatta a wannan gurbi ya koyi darasin ƙa'idar rubutu da zai daɗe bai manta ba, ya kuma fara lura da cewa "gado" biyun nan da yake rubutawa iri ɗaya, bakinsa yana bambanta su tun kafin ya shiga makaranta.

Da na gama yi wa ɗan ƙanwata bayanin tunkiyar, na juya bayan takardar na zana masa abubuwa uku: tabarma a shimfiɗe, sa mai ƙaho da tozo, da gado mai ƙafa huɗu. Ya fara da kiran na tsakiyar saniya, na ce ya sake duba zanen, ya ce bijimi, na ce ya nemi suna mafi gajarta. Ya faɗi ukun a hankali sau biyu, a na uku ya haɗa su da sauri, sai ya ɗago kai ya ce, "Ta bar masa gado!" Daga nan ya tambaye ni ko gadon kwanciya ta bar masa ko na dukiya, na ce masa hoton ya ɗauki duka biyun, furucinsa ne zai raba gardama. Ko wannan ma yana da iyakarsa ta karin harshe, domin an gina shi ne a kan "masa" irin ta daidaitacciyar Hausa. Yaron da a gidansu ake cewa "mishi" ko "mai" zai ɗan jima yana kallon san nan kafin ya gane abin da ya kawo shi tsakanin tabarma da gado, kuma malamin da ke koyarwa a irin wannan yanki zai fi dacewa ya zaɓi hotunan da sunayensu suka faɗa daidai da yadda ɗalibansa ke magana.